Tukunyar da ke jin kiɗa

A ranar gayya makaɗi ba ya riƙe garma, amma shi ke sa gumi ya karyo wa samari. Da ya buga taken saurayi sai ka ga ya tsuma, yana cin kunya bayan kunya. Wanda ba takensa aka buga ba kuwa, ko gezau.

Haka murhun maganaɗisu, wanda ake kira indakshan, yake da tukunya. Ba shi da harshen wuta, ba ya kuma yin ja. A ƙarƙashin gilashinsa akwai naɗaɗɗiyar wayar tagulla. Idan lantarki ya bi ta cikinta sai ta tayar da ƙarfin maganaɗisu mai juyawa fiye da sau 20,000 a daƙiƙa guda. Wannan shi ne kiɗan. Gindin tukunya ne ke amsawa, ya tsuma, zafi ya taso daga jikinsa.

Baƙin ƙarfe ne ke jin wannan take. Kaskon baƙin ƙarfe zai amsa, haka ma tukunyar ƙarfe mai fenti. Amma tukunyar alminiyum, irin wadda maƙera ke narka gwangwani su zuba, ba za ta motsa ba, balle ta ƙasa ko ta gilashi. Na silba kuwa sun rabu: wata ta amsa, wata ta yi shiru, alhali a ido duk ɗaya suke.

Shi ya sa nake roƙon uwargida kada ta yi gaggawar fidda tukwanenta, kada kuma ta kwashi kuɗi ta sayo sababbi a makance. Ki samo mayen ƙarfe, ko da na tsohuwar sifikar rediyo ne, ki kife tukunyar ki manna shi a gindi, ba a gefe ba. In ya kama gam, ta yi. In ya kama sako-sako, girki zai yi nawa. In ya faɗo, ki bar ta ga gas ko gawayi.

Sai ki duba zamanta. Dole gindin ya zama shimfiɗaɗɗe, ya kwanta a kan gilashin. Mai ƙafa uku ko mai kumburarren gindi ba ta shiga wannan gayya, ƙarama sosai kuma murhun ba zai san da ita ba, sai ya yi ta ƙara ya kashe kansa.

Ranar da za ki kasuwa, ki jefa mayen ƙarfen a jaka. Ki gwada a gaban mai kaya kafin a yi ciniki.