Kalmar "Tender" da Tarkon Ƙamus

Mai koyon Turanci da ya buɗe ƙamus ya ga an jera "soft", "gentle" da "mild" kusa da "tender" yakan ɗauka duk ɗaya ne, kuma a nan kuskuren yake. Nama idan ya dahu ya yi laushi, "tender" ake cewa. Haka uwa mai tausayin jaririnta. Amma a bakin likita, kalmar na nufin wurin da ke zafi idan an danna shi, kuma "gentle" ba ta taɓa ɗaukar wannan ma'ana ba. Duka ma'anonin ukun daga tushe guda suke, "tener" ta Latin, wato abu mai taushi da rauni, wadda ta shigo Turanci ta hanyar Faransanci bayan Normandawa sun ci Ingila a 1066.

Wani zai ce, to ina taushi a takardar neman kwangila, wadda ita ma "tender" ake ce mata? Babu. Wannan wata kalma ce dabam, daga "tendere" ta Latin, wato miƙawa, domin ɗan kwangila miƙa farashinsa yake yi. Rubutu da furuci ne suka haɗa su, kamar yadda "gari" na zama da "gari" na tuwo suka haɗu a takarda.