Shin Ko Kun San? Yunin 2016, Watan da Ya Kwashi Manya

Shin ko kun san akwai watan da duniya ta yi ta karɓar gaisuwar mutuwa tun daga farkonsa har ƙarshensa? Yuni ne, na shekarar 2016. Kwana 30 kacal. Amma a cikinsu an rasa zakaran damben duniya, da masu horar da Super Eagles har biyu, da 'yar majalisar Ingila, da mai begen Annabi a Pakistan, da marubucin da ya taɓa koyarwa a Zariya. Kuma mafi yawan kwanakin watan duk a cikin azumi suka faɗo. Ku gyara zama.

Ranar Juma'a, 3 ga wata, aka fara da babba. Muhammad Ali ya rasu a wani asibiti da ke jihar Arizona ta Amurka, yana da shekara 74. Kun san abin da ya kai shi dambe? Ɓarawon keke! Yana ɗan shekara 12 aka sace masa kekensa a garinsu Louisville. Ya tafi wajen wani ɗan sanda mai suna Joe Martin a fusace, yana cewa in ya kama ɓarawon nan sai ya lakaɗa masa duka. Ɗan sandan ya ce to, sai ka fara koyon dukan tukuna. Ashe shi ma ɗan sandan mai koyar da dambe ne. Shekara shida bayan nan yaron ya ɗauko lambar zinare a gasar Olamfik ta birnin Rum, a 1960.

Ku dubi lissafinsa. Ya shiga fage sau 61 a matsayin ƙwararre. Ya ci 56. A cikinsu, 37 kisa ne, ko dai abokin karawa ya sha ƙasa ko alkalin wasa ya tsayar don tausayi. Sau biyar kaɗai aka ci shi. Kuma fa ku tuna, sama da shekara uku aka hana shi dambe lokacin da ƙarfinsa ke tashe, saboda a 1967 ya ce ba zai shiga soja ya je yaƙin Biyetnam ba. Aka ƙwace kambunsa. Sai a 1971 Kotun Ƙolin Amurka ta wanke shi, ba tare da alkali ko ɗaya ya saɓa ba.

Damben Kinshasa fa? Na 30 ga Oktoban 1974, shi da George Foreman? Wajen ƙarfe huɗu na asuba aka fara shi! An yi haka ne don 'yan kallo a Amurka su samu gani da daddare. Kowannensu dala miliyan biyar aka ba shi. A zagaye na takwas Foreman ya kwanta.

Amma wanda ya fi taɓa mini zuciya shi ne wannan. A unguwar Hollywood akwai wani titi da ake shimfiɗa taurari a ƙasa, kowane tauraro da sunan wani shahararre, mutane na bi suna takawa. Sun haura 2,000. Guda ɗaya tak ne ba a ƙasa yake ba, a jikin bango aka kafa shi. Na Muhammad Ali ne. Da za a ba shi a 2002 ya ce bai yarda a riƙa taka sunan Manzon Allah (SAW) da takalmi ba. Suka bi abin da ya ce. Wannan kam ku ba yaranku labari.

Ya zo Afirka a 1964, ya ga Nkrumah a Ghana, ya sauka a Nijeriya, ya wuce Masar wajen Nasser. A 1990 ya je Bagadaza da kansa, ya zauna da Saddam Hussein, ya komo da Amurkawa 15 da ake tsare da su. Shekara 32 ya yi yana fama da ciwon makyarkyata. An yi masa sallar jana'iza ranar 9 ga Yuni a zauren Freedom Hall, wurin da ya yi dambensa na farko na ƙwararru a 1960. Cikin masu ɗaukar makararsa har da Mike Tyson da Lennox Lewis. Allah ya jiƙansa.

Kwana biyu bayan Ali, sai Jerome Bruner, masanin halayyar ɗan Adam da hanyoyin koyar da yara, yana da shekara 100 cif. Da yanar ido aka haife shi, ba ya gani, sai da ya kai shekara biyu aka yi masa aiki. To wannan mutumin, da Jami'ar Oxford ta ba shi aiki a 1972, bai hau jirgin sama ba. Jirgin ruwansa na iska ya tuƙa, ya ƙetare Tekun Atlantika!

Ranar Litinin 6 ga wata, ranar da aka tashi da azumi a Nijeriya, Viktor Korchnoi ya rasu a Suwizalan yana da shekara 85. Gwanin ces ne, darar Turawa. Ya gudu daga Tarayyar Sobiyat a 1976. Shekara biyu bayan nan ya kara da Anatoly Karpov, ɗan gaban goshin Sobiyat, a garin Baguio na ƙasar Filifin, don neman kambun duniya. Jama'a, ba a taɓa rigima irin ta wannan karawa ba! An kawo wa Karpov kindirmo ana cikin wasa, ɓangaren Korchnoi suka kai ƙara, suka ce ai saƙon sirri ne. An ɗauki kujerar Korchnoi aka saka ta a na'urar hoton ƙashi don a ga abin da ke cikinta. Ɓangaren Karpov suka zo da wani masani mai suna Zukhar, aikinsa kawai ya zauna cikin 'yan kallo ya ƙura wa Korchnoi ido, kamar yadda ɗan dambe ke shiga fage da bokansa. Shi kuma Korchnoi ya ɗauko tabarau mai madubi ya ƙwama. An ba shi ci 5 da 2, ya farke har 5 da 5, sannan ya faɗi a wasa na 32. Bai taɓa zama zakaran duniya ba. Amma yana da shekara 80 ya sake cin kambun ƙasar Suwizalan!

Sai abin ya iso gida. Daren Talata 7 ga wata, wayewar Laraba, Stephen Keshi ya rasu a birnin Benin. Shekararsa 54. Wata shida kenan da rasuwar matarsa. Kun san mutum biyu ne kaɗai suka ci Kofin Afirka suna 'yan wasa, suka dawo suka ci suna masu horarwa? Ɗaya Mahmoud El-Gohary na Masar, a 1959 da 1998. Ɗayan Keshi: kyaftin a 1994, koci a 2013, ranar da Sunday Mba ya jefa wa Burkina Faso ƙwallo ɗaya tilo a Johannesburg. A hannunsa ne kuma Ahmed Musa ya zura wa Ajantina biyu a Gasar Duniya ta 2014. Shi ne ya kai ƙaramar ƙasar Togo Gasar Duniya karo na farko a tarihinta, ta 2006. Kun san ladan da aka ba shi? An sallame shi kafin a tafi. Wani Bajamushe ne ya je da yaran.

Ba a gama zaman makokinsa ba. Kwana uku tsakani, daren Juma'a 10 ga wata, Shu'aibu Amodu ya kwanta yana kukan ciwon ƙirji, bai tashi ba. A ina? A wannan birnin na Benin dai! Shekararsa 58. Shi kuma nasa ya fi ciwo. Sau biyu yana samo wa Nijeriya gurbin Gasar Duniya, ta 2002 da ta 2010, kuma sau biyun ana cire shi dab da tafiya. A karon farko, wa kuke jin mataimakinsa ne? Keshi! Tare aka kore su. Mutumin da ya ɗauko wa BCC Lions ta Gboko kofin nahiyar Afirka a 1990, ya horar da El-Kanemi ta Maiduguri, ya je har Orlando Pirates ta Afirka ta Kudu. Ni dai har gobe ina ganin ba a kyauta wa bawan Allah nan ba. Allah ya gafarta masa.

Wannan Juma'ar ta 10 ga wata ta sha kaya. A ranar aka binne Muhammad Ali. A ranar Gordie Howe ya rasu yana da shekara 88, mutumin Kanada, sarkin wasan hoki na kan ƙanƙara. Wasa ne na karo da bangaza, mai zubar da haƙora. Amma Howe yana da shekara 52 yana buga shi a babbar gasar ƙwararru, a ƙungiya ɗaya da 'ya'yansa biyu, Mark da Marty! A waccan kakar wasa 80 aka yi, bai tsallake ko ɗaya ba. Yana da shekara 69 ma sai da ya sake leƙa fili na ɗan lokaci. A daren dai aka harbe wata mawaƙiya 'yar shekara 22, Christina Grimmie, a birnin Orlando, tana tsaye tana sa wa masoyanta hannu a takarda.

Ranar 16, da rana tsaka, aka kashe Jo Cox a kan titi a garin Birstall na Ingila, tana kan hanyar zuwa sauraron koken mutanen mazaɓarta. Shekararta 41, 'ya'yanta biyu ƙanana, shekara guda kacal da shigarta majalisa. Kafin nan ta daɗe tana aikin agaji da ƙungiyar Oxfam. In tana Landan, a cikin jirgin ruwa take kwana da iyalinta, a kan kogin Thames. Mako ɗaya ya rage a kaɗa ƙuri'ar ficewar Birtaniya daga Tarayyar Turai, sai da aka dakatar da yaƙin neman ƙuri'ar na wasu kwanaki. Kafin ita, rabon da a kashe ɗan majalisar Birtaniya mai ci tun 1990.

Ajali kuwa har ƙofar gida yake zuwa. Ranar 19, ɗan fim Anton Yelchin, na finafinan Star Trek, ya sauko daga motarsa a gangaren ƙofar gidansa da ke Los Angeles. Motar ta gangaro da kanta ta matse shi da ginshiƙin bulo. Shekararsa 27. Ga wani abin mamaki: a Leningrad aka haife shi, garin da aka haifi Korchnoi shekara 58 kafin shi. 'Yan gari ɗaya, kwana 13 tsakaninsu, ɗaya a Turai ɗaya a Amurka.

Ranar 22, tsakiyar azumi, wasu mutum biyu a kan babur suka buɗe wa motar Amjad Sabri wuta a Karachi. Shahararren mai ƙawwali ne, wato salon bege na Sufayen Pakistan da Indiya, kuma gado ya yi wajen mahaifinsa Ghulam Farid Sabri. Gidan talabijin zai tafi don shirin Ramadan. Dubban mutane suka raka gawarsa da bakin azumi. Allah ya karɓi shahadarsa.

Ga kuma wani mai keken. Bill Cunningham, mai ɗaukar hoton jaridar New York Times, ya rasu ranar 25 yana da shekara 87. Kusan shekara 40 yana zaga titunan New York a kan keke, sanye da shuɗiyar rigar leburori, yana ɗaukar hoton tufafin masu wucewa. Attajirai na rububin ya ɗauke su, shi kuwa a kan ɗan siririn gado yake kwana, a tsakiyar akwatunan ƙarfe da ya cika da hotuna.

Ranar 27 kaɗai ta ɗauki uku! Na farko Bud Spencer, ƙaton nan mai gemu na finafinan Italiya, abokin Terence Hill, wanda mari ɗaya yake yi mutum ya tashi sama. Sunansa na yanka Carlo Pedersoli. Za ku yarda wannan ƙaton gwanin ninƙaya ne? Shi ne ɗan Italiya na farko da ya ninƙayi mita 100 cikin ƙasa da minti ɗaya, a 1950. Ya je Olamfik sau biyu, 1952 da 1956. Ya karanta shari'a. Ya koyi tuƙin jirgin sama har ya kafa kamfanin jirage. Ya rasu a Rum yana da 86. Na biyu Alvin Toffler, mai littafin Future Shock na 1970, wanda ya hango tun da wuri yadda kwamfuta za ta juya rayuwar mutane, alhali da ƙuruciyarsa shekara biyar ya yi yana aikin ƙarfi a masana'anta, har da walda. Na uku injiniya Simon Ramo, shekara 103, wanda yana da 100 aka ba shi takardar mallakar wata sabuwar ƙirƙira.

Kashegari, Pat Summitt. Tana da shekara 22 aka damƙa mata ƙungiyar ƙwallon kwando ta mata ta Jami'ar Tennessee. A farko ita ke tuƙa motar 'yan wasa, ita ke wanke rigunansu. Ta yi kaka 38, ta ci wasa 1,098, ta ɗauki kofin ƙasa sau takwas. Dubu ɗaya da casa'in da takwas, ku sake karantawa! Ciwon mantuwa ne ya raba ta da aikin, ta rasu tana da 64.

Ranar 29 abin ya sake dawowa Nijeriya. Elechi Amadi ya rasu a Fatakwal yana da shekara 82. Duk wanda ya karanta The Concubine a sakandare ya san shi. Amma kun san ba adabi ya karanta ba? Lissafi da fiziks ya yi a Ibadan! Ya shiga soja har ya kai kyaftin, ya koyar a Makarantar Soja ta Zariya. Yana da shekara 74 'yan bindiga suka sace shi daga gidansa a ƙauyen Aluu, a farkon 2009, suka sako shi kashegari. Littafin nasa kuwa a 1966 ya fito, wato ya cika shekara 50 daidai a shekarar da mai shi ya rasu, kuma har yau ana buga shi ana sayarwa.