TSOHUWAR MOTAR AMURKA: A ADANA INJI DA TAKARDU KAFIN A SA TA A KASUWA

Daga Wakilinmu na Arewa, Abuja

'Yan'uwanmu da ke harkar motoci a Ikko, tun daga bakin Tin Can har kasuwar Ladipo, sun san kuɗin Toyota da Marsandi kamar yunwar cikinsu. To, amma akwai wata haja da ba a yi mata kuɗi da wannan ma'auni, wato tsohuwar motar Amurka irin su Chevrolet Impala, wadda ta fara fitowa a 1958, da Ford Mustang ta 1964. Wanda ya tsinci irinta a garejin wani tsohon attajiri, ya gyara don ya kawo Abuja ya sayar, sai ya yi hattara.

Waɗannan motoci sitiyarinsu na hagu ne, saboda haka sun dace da hanyoyinmu tun ran 2 ga Afrilu 1972 da Nijeriya ta koma tuƙi ta hannun dama. Amma ba su daɗe suna tashe ba, domin a 1975 aka fara haɗa Fijo a Kaduna da Volkswagen a Ikko, jama'a suka koma can. Ga shi kuma tun 2022 dokar kwastan ta hana shigo da motar da ta wuce shekara 12 da ƙerawa. Ke nan 'yan kaɗan da suka rage a cikin ƙasa su ne jarin.

A Abuja, mai irin wannan aiki unguwar makanikai ta Apo zai nufa, inda akwai masu bugun bodi da masu fenti da masu ɗinkin kujera. Nan ne ake yin kuskure na farko. Yawancin manyan motocin nan injinsu mai silinda 8 ne, shan mai gare shi ainun. Tun da aka janye tallafin man fetur ran 29 ga Mayu 2023, shawarar da za a fara ba mai mota ita ce a cire wannan inji a sa na Toyota. Lalle za ta rage shan mai, amma darajarta ta faɗi. Mai sayen tsohuwar mota ba don zuwa ofis yake saye ba. Abin da zai fara dubawa shi ne ko injin da kamfani ya sa mata yana nan, lambarsa kuma ta dace da ta takarda.

Ga misali daga Amurka. A watan Janairu 2020 aka yi gwanjon wata koriyar Mustang ta 1968 a Jihar Florida, wadda ɗan wasa Steve McQueen ya tuƙa a fim ɗin Bullitt. Fentinta ya koɗe, ga tsatsa, ba a sabunta ta ba, amma aka saye ta dala miliyan 3 da dubu 740. Tarihinta aka saya, da kuma shaidar cewa ita ce ba wata ba.

Ado kuwa, irin su manyan tayoyi da fenti mai walƙiya da amsa-kuwwa a but, ra'ayin mai mota ne. Mai saye yana iya cewa shi ba ya so, har ya nemi ragi don kuɗin da zai kashe ya cire. Idan dole sai an canja wani abu, a adana na asalin, ko da kafireta ce ko sitiyari, a miƙa wa mai saye tare da motar.

Sai batun takardu. Lambar shasi mai harufa da lambobi 17 daga 1981 ta fara, saboda haka ta tsofaffin motoci gajera ce, kada wani ya ruɗe ku ya ce jabu ce. A tanadi takardar mallaka da rasit na kayan gyara da hotunan motar kafin aiki da bayansa. In an canja launi ko inji, a je ofishin VIO a gyara takarda kafin ciniki. A yanke la'adar dillali tun da fari, a rubuta yarjejeniya gaban shaidu, kada kuma makulli ya bar hannu sai banki ya tabbatar kuɗi sun shiga.

Masu sayen irin wannan mota ba su da yawa, ko a Maitama da Asokoro. Wanda ya ci bashi ya yi gyara yana jiran riba cikin wata guda, shi ne zai karyar da ita.