Bel Ɗin Mota Tsakanin Doka da Al'ada

Duk wanda ya saba shiga motar haya a hanyar Kano zuwa Kaduna ya san wata ɗabi'a ta direbobinmu, wadda saboda yawan ganinta har ta daina ba kowa mamaki. Da zarar motar da ke tahowa ta haska fitila, ko direbanta ya yi nuni da yatsa, alamar cewa jami'an Hukumar Kiyaye Haɗurra suna gaba, sai ka ga direba ya miƙa hannu ya jawo bel ya rataya a ƙirji, sau da yawa ba tare da ya ko cusa shi a makullinsa ba, sa'an nan ya dubi na kusa da shi ya ce, “Alhaji, taimaka ka ja bel ɗin nan, mutanen suna gaba.” In an wuce shinge da ɗan taƙi, sai ya sake shi ya koma mazauninsa, kamar wanda ya sauke kaya daga ka. Abin ƙarami ne a ido, amma yana ɗauke da mas'ala babba, domin kuwa wannan igiya da ake yi wa riƙon sakainar kashi ita ce, a cikin dukkan abubuwan da aka taɓa ƙarawa a jikin mota, wadda masana suka fi yin ittifaƙi a kan yawan rayukan da ta zama sababin tsirarsu. Ya kamata a bincika yadda aka yi ta zama al'ada a wasu ƙasashe cikin shekaru kaɗan, alhali a wurinmu ta tsaya a matsayin abin da ake nuna wa hukuma.

Bel irin wanda muka sani yau, mai ratsa kafaɗa da ƙirji ya kuma kewaye ƙugu, wani injiniya ne ɗan ƙasar Siwidin mai suna Nils Bohlin ya tsara shi a kamfanin Volvo, aka fara sa shi a motoci a 1959. Kafin nan mutumin ya yi aiki a kamfanin Saab a kan kujerun da ke cilla matuƙin jirgin yaƙi waje idan jirgi zai faɗi, saboda haka ya san iyakar abin da jikin ɗan Adam zai iya ɗauka, ya kuma san cewa ƙashin ƙugu da na ƙirji su ne suka fi jure matsi, ciki kuwa ba ya jurewa. Kamfanin ya bar wa sauran masu ƙera motoci su yi amfani da wannan tsari ba tare da ya riƙe shi a matsayin hajarsa shi kaɗai ba, abin da ba kasafai ake gani ba a sha'anin ciniki. A 1967 Bohlin ya gabatar da binciken haɗurra wajen 28,000 da suka auku a ƙasarsu, kuma a cikinsu ba a sami mai ɗaure da bel ko ɗaya da ya mutu a haɗarin da gudunsa bai kai mil 60 a sa'a ba.

Hikimar abin ba ta da wuyar fahimta ga wanda ya natsu. Idan mota tana gudu, duk abin da ke cikinta yana gudu tare da ita, har fasinjan da ke gyangyaɗi a kujerar baya. Idan ta ci karo da bishiya ko bayan tirela ta tsaya cikin ƙiftawar ido, shi jikin mutum bai sami labarin tsayawar ba, sai ya ci gaba da tafiya da gudunsa na farko har ya sami abin da zai tare shi, ko sitiyari, ko gilashi, ko ƙeyar wanda ke gabansa, ko kwalta. Masu lissafi sun ƙiyasta cewa karo a gudun kilomita 50 a sa'a daidai yake da faɗowa daga tsawon kimanin mita 10, wato kamar daga saman bene mai hawa uku. In gudun ya ninka ya zama kilomita 100, tsawon ba ninki biyu yake yi ba, ninki huɗu yake yi, ya doshi mita 40. Babu ƙarfin damtsen da zai dafe gaban mota ya tare wannan, haka kuma babu uwar da za ta iya riƙe jaririn da ke cinyarta, komai tsananin ƙaunarta, domin a wannan lokaci nauyinsa yakan ninka sau da dama fiye da abin da hannu zai riƙe. Aikin bel shi ne ya haɗa mutum da kujerarsa, ya sa jikinsa ya rage gudu tare da motar yayin da gabanta ke lotsewa yana shanye bugun, ya kuma raba matsin a kan ƙasusuwan da suka fi ƙarfi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ɗaura shi yana rage hatsarin mutuwa ga na cikin mota da abin da ya kai rabi.

Sai dai samuwar bel a mota daban, ɗaura shi daban, kuma Turawan ma ba su karɓe shi da hannu biyu ba. A Amurka, bayan hayaniyar da littafin Ralph Nader na 1965 ya tayar a kan sakacin kamfanonin mota, an wajabta sa bel a sababbin motoci daga 1968, amma galibin jama'a suka ci gaba da zama a kansa suna tuƙi. Jihar Biktoriya ta ƙasar Ostareliya ita ce ta fara wajabta ɗaura shi a 1970. Ingila ta shafe shekara goma da wani abu ana jayayya a majalisa, wasu suna cewa hukuma ba ta da hurumin tsare mutum daga cutar da kansa, kafin dokar ta fara aiki a Janairun 1983 ga na kujerun gaba. Kuma daga nan masu ɗaurawa suka tashi daga kimanin kashi 40 cikin ɗari zuwa sama da kashi 90. Jihar Niyok ce ta buɗe hanya a Amurka a 1984. Abin lura a nan shi ne wa'azi da talla sun yi shekaru ba su kai rabin jama'a ba, doka ta zo ta cika sauran a cikin watanni. Amma abin da ya sa dokar ta zauna shi ne an riga an share mata fage da ilmantarwa, motocin suna da bel mai aiki, kuma kowane fasinja yana da kujerarsa. Wannan sharaɗi na ƙarshe a riƙe shi, za mu komo gare shi.

Adalci ya wajabta a ambaci hujjar masu suka. Wani masanin tattalin arziki na Jami'ar Shikago, Sam Peltzman, ya yi da'awa a 1975 cewa idan direba ya ji kansa a tsare sai ya ƙara ganganci, ta yadda abin da aka rage na mutuwar masu mota za a biya shi da rayukan masu tafiya a ƙasa. Maganar tana da ƙamshin gaskiya ga wanda ya san halin ɗan Adam, amma binciken da ya biyo baya bai nuna cewa wannan ƙarin ganganci ya kai ya cinye amfanin bel ba, kuma yau da wuya ka sami masanin da zai ce a soke dokar saboda shi.

A Nijeriya an kafa Hukumar Kiyaye Haɗurra a 1988, Farfesa Wole Soyinka ne shugabanta na farko, kuma ta fara tilasta ɗaura bel a farkon 2003. An sami canji, ba a musun wannan, musamman a Abuja da Legas da manyan birane inda jami'ai suke da yawa; amma canjin ya fi tsayawa a kujerar direba da ta kusa da shi, ya kuma fi ƙarfi a inda ake tsoron tara, ya yi rauni a doguwar hanya da tsakar dare, wato daidai wurin da gudu ya fi yawa kuma buƙata ta fi tsanani.

Dalilin da aka fi saurin ambatawa shi ne aƙida, cewa mutanenmu sun dogara ga ƙaddara, in ka yi wa direba magana sai ya ce da kai, “Malam, in kwana ya ƙare bel ba ya hanawa.” Kalmar gaskiya ce aka ɗora ta a inda ba muhallinta ba. Ajali ba ya gaba ba ya baya, wannan babu Musulmin da ke shakka a kansa. Amma malamai ba su taɓa fahimtar tawakkali da ma'anar barin sababi ba. Imamu Tirmizi ya ruwaito labarin mutumin da ya tambayi Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ko ya ɗaure raƙumarsa ne ko ya sake ta ya dogara ga Allah, aka umurce shi da ya haɗa biyun, ɗaurewa da dogaro. Sayyidina Umar kuma ya juya da jama'arsa daga hanyar Sham sa'ad da ya ji annoba ta ɓarke a can, da aka yi masa inkari ya bayyana cewa komawar ma cikin ƙaddarar take. Malaman usulu, irin su Imamu Gazali da Shaɗibi, sun lissafa kiyaye rai a cikin larurori biyar da shari'a ta zo domin tsare su. Ni dai a ganina wannan magana ta direba uzuri ce da ake nemowa bayan an riga an ƙi abu, domin shi wannan direban ba ya barin motarsa a buɗe a tasha ya ce in rabon ɓarawo ne zai ɗauka, kuma ba ya shiga hanya da birkin da ya san ya tsinke.

Akwai kuma tsoro na haƙiƙa, wanda bai kamata a yi masa dariya ba a ƙasar da kowa ya taɓa ganin gawar mota ƙurmus a gefen hanya: mutane suna cewa in wuta ta tashi, ko mota ta faɗa ruwa, bel zai riƙe su, gara a cilla mutum waje ya tsira. Kowa yana da labarin wani da aka cilla ya tashi yana kakkaɓe riga. Illar irin wannan istidlali ita ce wanda aka cilla ya mutu ba ya dawowa ya ba da nasa labarin, kuma su ne mafi rinjaye. Ƙididdigar Amurka ta daɗe tana nuna cewa a cikin munanan haɗurra, galibin waɗanda aka cilla waje gaba ɗaya ba su rayu ba. Haɗarin wuta ko ruwa kuwa kaɗan ne a cikin jimla, kuma ko a cikinsa, wanda bai bugu ya suma ba shi ne ke da hankalin da zai danna makulli ya buɗe ƙofa.

Dalilin girman kai kuwa ba sai an tsawaita ba. Babban mutum yana ganin kujerar baya ta mai mota ce, bel na direba ne, kuma ba ya son abin da zai yamutsa masa babbar riga mai sitaci. Gimbiya Diana a kujerar baya take, cikin Marsandi, sa'ad da ta yi haɗari a Faris a Agustan 1997, kuma masu binciken shari'a a Ingila sun ambaci rashin ɗaura bel a cikin abubuwan da suka taimaka ga mutuwarta. Bayan haka na baya ba kansa kaɗai yake cutarwa ba: wani bincike na ƙasar Japan da aka buga a 2002 ya gano cewa hatsarin mutuwar na gaba, ko da ya ɗaura, yana ninkuwa kusan sau biyar idan na bayansa bai ɗaura ba, domin shi ne zai faɗo masa kamar buhun siminti.

Amma dalilin da ya fi waɗannan duka nauyi, wanda kuma aka fi kawar da kai daga gare shi, yana tasha. Ƙaramar motar da aka ƙera domin mutum biyar, da bel biyar, ita ake lodawa mutum biyu a gaba ban da direba, huɗu a baya, wani lokaci har da na but. To, mutum biyun da suka raba kujera ɗaya, wanne zai ɗaura? Motocin kuma galibinsu na hannu ne da suka gama wa'adinsu a Turai, bel ɗin wasu ya tsinke an ƙulle, na wasu makullin ya nutse ƙarƙashin kujera tun ranar da aka sake mata rufi, jakar iskar da ke cikin sitiyari kuwa wataƙila ta fashe tun tuni an liƙe wurin. Direba ba don mugunta yake wannan lodi ba. Akwai kuɗin da zai kai wa mai mota da yamma, ga na kamasho da na ƙungiya, ga abin da ake miƙawa a hanya, ga man fetur da ya yi tashin gwauron zabo tun da aka janye tallafi a 2023. Fasinja kuma ba zai iya biyan kuɗin kujera sukutum ba. Ke nan dokar da aka ɗauko daga ƙasashen da kowane matafiyi ke da mazauninsa an sauke ta ne a inda talauci ya riga ya raba kujera biyu, shi ya sa ta zama abin wasan ɓuya tsakanin direba da jami'i, har ma, a inda aka sami mai raunin imani, ta zama ƙofar karɓar na goro.

Kada kuma a ɗora wa bel abin da ba zai iya ba. A rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023, kimanin mutum miliyan 1.19 ke mutuwa kowace shekara a kan hanyoyin duniya, haɗarin hanya shi ne kan gaba wajen kashe masu shekara 5 zuwa 29, Afirka ce ta fi kowace nahiya yawan mace-macen idan aka auna da yawan jama'a, kuma fiye da rabin mamatan masu tafiya a ƙasa ne da masu keke da babur. Bel ba shi da abin da zai yi wa ɗan acaɓa, ko mai talla a bakin titi, ko matasan da ke zaune a kan buhuna bisa tirela za su ci-rani Kudu. Waɗannan maganinsu yana ga gyaran hanya, da taƙaita gudu, da hular kwano, da asibitin da ke kusa. Amma ga wanda ke cikin mota, babu wata kariya da ta kai wannan araha, tunda an riga an biya kuɗinta tare da motar.

Saboda haka nake ganin an sa shinge a inda bai dace ba. Wurin duba bel shi ne bakin ƙofar tasha, kafin mota ta tashi, inda shugabannin ƙungiyar direbobi suke da ikon da jami'in kan hanya ba shi da shi, inda kuma za a iya ƙirga kawuna a gwada da yawan bel, a hana motar da makullinta ya lalace yin lodi sai an gyara. Kirana ga shugabannin tasha ne, da limaman da ke ja musu salla a masallatan tashoshin, su ɗauki wannan mas'ala kamar yadda suka ɗauki ta layin lodi da kuɗin ƙungiya; kai kuma mai karatu, in ka shiga mota gobe, ko a baya ka zauna, lalubo makullin tun ba a tayar da inji ba, in babu shi ka tambayi direba inda yake.