Yadda Ake Ɗaukar Sawun Haƙora

Idan mutum ya taka taɓo, sawun ƙafarsa yakan fito sarai, har a iya ƙirga yatsunsa. Da za a zuba siminti a cikin wannan sawu a bar shi ya bushe, da an sami siffar tafin ƙafar ba tare da an riƙe mai ita ba. Da irin wannan dabara likitan haƙori yake aiki. Idan zai yi wa mutum haƙoran roba don cike giɓi, ko zai yi wa haƙorin da ya lalace hula, ba zai yiwu ya ƙera su a cikin baki ba. Wurin ya yi ƙunci, ga duhu, ga yawu, ga harshe da ba ya zama wuri ɗaya. Saboda haka sai ya cika wani ɗan tire mai lanƙwasa da abu mai laushi, ya danna shi a kan haƙora, ya jira ya daskare, sannan ya ciro. Abin da ya fito shi ne sawun haƙora. A cikinsa ake zuba farar filasta irin wadda ake ɗaure karaya da ita a asibiti. In ta bushe, an sami haƙoran dutse masu kama da na mai su, kuma a kansu maƙerin haƙora zai yi aikinsa.

Sai dai akwai wata matsala. Taɓa turmin haƙorinka da yatsa. Za ka ji yana da faɗi a sama, amma ya tsuke a wuya, wato inda ya haɗu da dasashi. Abin da ya shiga wannan lungu ya sandare kamar dutse ba zai fito ba sai ya karye. Wanda kuma ya tsaya da laushi kamar taɓo zai fito, amma faɗin haƙorin zai goge siffar wuyan a kan hanya. Ashe ana bukatar abu mai hali huɗu: ya shiga da laushi, ya daskare cikin 'yan mintoci, ya miƙe lokacin da ake ciro shi, sannan ya koma daidai yadda yake. Hali na ƙarshen nan shi ya fi wuyar samu, kuma an shafe shekaru kusan ɗari biyu ana nemansa.

A shekarar 1756 wani likita Bajamushe mai suna Philipp Pfaff ya bayyana yadda ake ɗaukar sawu da kaki. Kaki yana karɓar siffa da kyau, shi ya sa maƙeran tagulla na Benin suke aiki da shi, amma in ya lanƙwashe ba ya komawa. Daga baya aka riƙa zuba filasta a cikin bakin kanta. Ita tana fitar da siffa daidai, amma dole a fasa ta gunduwa-gunduwa a ciro, sannan a zauna a harhaɗa kamar mai gyaran fasasshiyar tukunya.

Sauƙi ya zo ne daga ciyawar teku. An fara da wani sinadari da ake kira aga, wanda yake narkewa a ruwan zafi ya daskare in ya huce. Yawancinsa daga Japan yake zuwa, don haka da Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke sai ya yi wuyar samu. Aka koma ga aljinet, wanda shi ma daga ciyawar teku ake tatsarsa. Gari ne da ake kwaɓawa da ruwa, ya daskare cikin minti biyu zuwa huɗu. Yana da araha, kuma har yau ana amfani da shi sosai. Aibinsa shi ne yawancin jikinsa ruwa ne. In aka bar shi a iska sai ya motse, in aka jiƙa shi sai ya kumbura. Dole a zuba masa filasta nan da nan, musamman a lokacin hunturu. Zafi kuma yana sa shi saurin daskarewa, shi ya sa a ƙasashe irin namu ake kwaɓa shi da ruwan sanyi.

Daga shekarun 1950 ne aka sami sinadarai masu halin roba na sosai, waɗanda masana suka haɗa a ɗakin bincike. Galibi sukan zo kashi biyu, kamar man goge baki kala biyu. Kowanne shi kaɗai ba ya daskarewa. Da zarar an gauraya su, sai ƙananan ƙwayoyin da ke cikinsu su sarƙe da juna kamar zaren raga. Raga kuwa in ka ja ta takan miƙe, in ka sake ta ta koma. Wannan shi ne sirrin.

Na farkonsu shi ne folisalfaid. Yana da wuyar yagewa, amma yana warin farar wuta, yana ɓata tufafi, kuma mutum zai yi kusan minti goma baki buɗe yana jiran ya kama. Sai silikon na farko, wanda ba shi da wari, amma yana fitar da sinadarin barasa lokacin da yake daskarewa. In barasar ta bi iska sai sawun ya ƙanƙance. A shekarun 1960 aka fito da foli'ita a Jamus. Shi ba ya gudun danshi, saboda haka yana kama siffa ko da akwai ɗan yawu. Amma yana da tauri ƙwarai, har likita yakan yi taka-tsantsan da shi idan akwai haƙori mai girgiɗi.

Wanda ya fi samun karɓuwa shi ne sabon silikon da ya bayyana a shekarun 1970. Ba ya zubar da komai daga jikinsa yayin daskarewa, don haka girmansa ba ya canzawa. Ana iya ajiye sawunsa har mako guda, a aika da shi wani gari, a zuba filasta a cikinsa fiye da sau ɗaya. Likita yakan haɗa iri biyu: mai kauri kamar ƙullin fulawa a cikin tire, da mai ruwa-ruwa da ake matsawa da sirinji kewaye da haƙori don ya shiga kowane lungu. Shi ma yana da nasa halin. Ba ya shiri da ruwa, sai an busar da haƙorin. Abin mamaki kuma, in aka murza shi da safar hannu ta danƙon itacen roba yana iya ƙin daskarewa, domin akwai ɓurɓushin farar wuta a jikin safar. A ganina wannan ya isa ya nuna cewa tsadar kaya ba ta maye gurbin sanin hannu.

Me ya sa ake wannan ƙwaƙƙwafi? Ka tuna yadda zaren nama ɗaya yake damunka in ya maƙale tsakanin haƙora. Baki yana jin kuskuren da bai kai kaurin gashi ba. Hular da ta yi tsawo tana hana tauna, wadda ta bar kafa a wuya kuma abinci zai taru a ƙarƙashinta haƙorin ya ruɓe.

A yau wasu asibitoci suna da 'yar kyamara da ake zagayawa da ita cikin baki, siffar haƙora ta fito a kwamfuta ba tare da an kwaɓa komai ba. Na'urar tana da tsada, don haka tire da roba suna nan. In wata rana aka sa maka tiren ka ji kamar za ka yi amai, ka sunkuyar da kai gaba kaɗan, ka riƙa numfashi ta hanci, kada ka motsa muƙamuƙi har likita ya ciro shi.