Bayan Likita Ya Ce a Koma Gida

Akwai maganar da iyalai da yawa suka sha ji a bakin gadon asibiti: "Ku koma da Baba gida, a ci gaba da addu'a." Likita na faɗin haka sai jikin kowa ya yi sanyi. A tattara kwanuka da tabarma, a nemo mota, a shimfiɗe tsoho a ɗakinsa, sai kuma jiran ikon Allah. Addu'a kam ba ta da madadi. Sai dai abin da likitan ke nufi shi ne cutar ta wuce a warkar da ita, kamar ciwon daji da ya bazu, ko ƙoda da ta gaza, ko shanyewar ɓarin jiki da ta yi tsanani. Daga wannan rana zuwa cikar wa'adi, ko mako biyu ne ko shekara biyu, akwai aikin jinya mai yawa a gaba, kuma mafi yawan wahalar da tsofaffinmu ke sha a wannan tsakanin ana iya kauce mata.

Kula da wanda ba a sa ran warkewarsa fanni ne mai zaman kansa a aikin lafiya. Wadda ta aza tubalinsa na zamani ita ce Cicely Saunders, wata Baturiyar Ingila da ta fara da aikin jinya kafin ta zama likita, ta kuma buɗe gidan jinya na St Christopher's a Landan a 1967. Zaman da ta yi a gefen gadon marasa lafiya ya nuna mata cewa ciwon irin waɗannan bayin Allah bai tsaya a jiki ba, har da fargaba da tunanin iyalin da za a bari. A 2014 babban taron Hukumar Lafiya ta Duniya ya nemi kowace ƙasa ta shigar da wannan kulawa cikin tsarin lafiyarta. Duk da haka, ƙiyasin hukumar ya nuna kusan mutum miliyan 57 ne ke bukatarta duk shekara, amma kimanin kashi 14 cikin ɗari kaɗai ke samu.

Abu na farko shi ne raɗaɗi. Tsoho Bahaushe ba ya son a ce ya yi raki. Ka tambaye shi "Baba, ya jiki?" zai ce "Da sauƙi, alhamdu lillahi," alhali ya kwana yana cije leɓe. Don haka mai jinya ya riƙa kallon fuska: ɗaure goshi, nishi idan an taɓa shi, ƙin a juya shi, rashin barci. Tun 1986 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da tsarin ba da maganin ciwo hawa-hawa, daga farasitamol zuwa masu ƙarfi irin su mofin, kuma ƙa'idarsa ita ce a ba da magani a kan lokaci, kamar duk bayan awa huɗu idan ruwan mofin ne, kada a jira sai ciwo ya taso mutum ya fara murƙususu.

Da an ambaci mofin sai iyalai su ja da baya, kuma ban ga laifinsu ba. Mun ga abin da tiramol da kodin suka yi wa matasanmu, har gwamnatin Najeriya ta haramta maganin tari mai kodin a 2018. Amma shaye-shayen matashi daban, maganin da likita ya auna wa mai ciwon daji daban. Mofin da aka ba da bisa ƙa'ida ba ya gaggauta ajali. Yana dai sa barci a kwanakin farko, yana kuma kawo taurin bayan gida, shi ya sa ake haɗa shi da maganin sassauta ciki. Yuganda ta nuna ana iya wannan aiki a ƙasa matalauciya. Dakta Anne Merriman ta kafa Hospice Africa a can a 1993, suna dama garin mofin da ruwa a zuba a kwalba, kuma a 2004 gwamnati ta ba ma'aikatan jinya da aka horar izinin rubuta shi, saboda likitoci ba sa kaiwa ƙauyuka. A Najeriya, Farfesa Olaitan Soyannwo na cikin waɗanda suka jajirce har aka buɗe sashen irin wannan kulawa a asibitin koyarwa na Ibadan a 2007. Abin tsoro na gaskiya yana kemis: magungunan ciwon jiki irin su diklofenak da aibufurofen, da ake ɗura wa tsoho kullum ba da sanin likita ba, suna iya huda masa ciki su kuma ƙarasa ƙodar da dama ta raunana.

Sai kuma fata, wadda a ganina nan ne muka fi yin sakaci. Wanda ya kwanta a gefe guda na sa'o'i, nauyin jikinsa yana danne jijiyoyin jini a wuraren da ƙashi ya turo: ƙasan gadon baya, ƙugu, dunduniya, allon kafaɗa, ƙeya, har da kunne. Jini ya daina isa wurin, nama ya fara mutuwa daga ciki. A fatar baƙar mutum ba lallai a ga ja ba. Wurin zai yi duhu fiye da kewayensa, ko ya yi sheƙi, ko ka ji ya fi ɗumi ko tauri idan ka ɗora hannu. Kwana kaɗan sai ya fashe, ya zama gyambon kwanciya mai wari, wanda kan ci har ƙashi ya kuma zuba guba cikin jini. Rigakafinsa bai kai kuɗin katin waya ba. A juya mara lafiya kamar duk bayan awa biyu, dama, baya, hagu. Mutum biyu su kama zanin da ke ƙarƙashinsa su ɗaga, kada a ja shi a kan katifa, don fatar tsoho kamar jiƙaƙƙiyar takarda take. A sa matashi tsakanin gwiwoyi, a sa wani ƙarƙashin sha-raɓa yadda dunduniya za ta yi lilo ba ta taɓa komai ba. Idan fitsari ya zubo a wanke da ruwan ɗumi, a tsane da tsumma mai laushi, a shafa man kaɗanya ko basilin. Ledar da ake shimfiɗawa don kare katifa a rufe ta da zani, domin gumi na taruwa a kanta, musamman lokacin bazara. Wurin da ya riga ya yi duhu kuwa kada a murza shi, kada a gasa shi da ruwan zafi. A ɗauke masa nauyi kawai, a nuna wa nas.

Wajen ciyarwa ma ana kuskure da kyakkyawar niyya. Wanda ɓarin jikinsa ya shanye sau da yawa haɗiya na yi masa wuya. Idan aka ɗura masa kunu yana kwance rigingine, wani ya bi ta hanyar numfashi ya sauka huhu, bayan kwana biyu sai zazzaɓi da tari, a ce sanyi ne ya kama shi. A zaunar da shi sosai, a ba shi da ƙaramin cokali, kunu mai ɗan kauri ya fi ruwa tsinkakke sauƙin haɗiya, kuma a bar shi a zaune kamar rabin awa bayan ya gama. Idan yana yawan ƙwarewa, a dakata a nemi shawara.

A kwanakin ƙarshe jiki da kansa yake daina neman abinci. Nan ne rigima kan tashi a gida, wani ɗa ya iso daga Legas ya ce ana barin Baba da yunwa, a kira wani ya zo ya sa ƙarin ruwa. A wannan mataki ƙarin ruwa kan jawo kumburi ne da taruwar majina a ƙirji. Abin da ke sanyaya masa shi ne a jiƙa auduga ko tsumma mai tsabta a riƙa goge masa baki da harshe, a shafa mai a leɓe. Numfashi zai riƙa yankewa yana dawowa, wani lokaci da gurnani a maƙogwaro. A kwantar da shi a gefe, sautin zai ragu. Ma'aikatan jinya kan ja kunnen iyali cewa mai yiwuwa yana jin magana ko da ya daina amsawa. Saboda haka batun gado da lissafin kuɗin magani a fita da su waje. A bar masa karatun Alƙur'ani da laƙƙana kalmar shahada a hankali, ba da tsawa ba.

Ita kuma mai jinyar fa? A gidaje da yawa mace ɗaya ce ke ɗauke da wannan kaya, matar tsohon, ko 'yarsa, ko matar ɗansa, ga girki ga yara. 'Yan dubiya su cika ɗaki daga hantsi zuwa isha, kowa da maganin da zai kwatanta, a kuma sa ran ta kawo musu ruwa. Dubiya lada ce, amma minti goma ya isa. Wanda ke son ya taimaka da gaske ya karɓi kwana ɗaya a mako ta samu ta yi barci, ko ya ɗauki nauyin sabulu da ƙunzugun manya. Maza ma su shiga. Juya mahaifi da wanke shi aikin ɗa ne, kuma tsoho ya fi sakewa da ɗansa namiji a irin wannan hidima.

Haka su ma nas-nas, da muke yawan zargi da faɗa, kaya ya yi musu yawa. Akwai masu halin banza a cikinsu, kamar kowace sana'a, amma mace ɗaya da ke riƙe da ɗaki guda cike da gadaje tsawon dare ba za ta iya juya kowa duk awa biyu ba. Aikin nasu kuwa yana da asali a wurinmu. Rufaida al-Aslamiyya tana da tanti a masallacin Madina inda take jinyar masu rauni, kuma a nan aka kwantar da Sa'adu ɗan Mu'azu bayan yaƙin Khandaƙ, raunin da ya zama ajalinsa.

Don haka ranar da aka sallami naka, kada ka yi saurin naɗe tabarma. Ka sami nas ɗin da ke bakin aiki ka ce, "Sista, don Allah nuna mana yadda ake juya shi da yadda ake ba shi abinci." Ka tambayi likita wane maganin ciwo za a ba shi, ƙarfe nawa, a ina ake samunsa, kuma wa za ku kira idan ciwon ya ƙi lafawa da tsakar dare. Ka sa a rubuta maka a takarda kafin ku shiga mota.