Me Ke Kashe Sababbin Kifayen Ado a Gidajen Faisal?

Duk wanda ya sauka daga jirgin metro a tashar Faisal da ke Giza, ya bi doguwar hanyar nan da aka raɗa wa sunan Sarki Faisal na Saudiyya, wadda ta miƙe yamma daura da titin Haram har kusa da dalolin Fir'aunoni, ba zai rasa cin karo da kantunan tsuntsaye da kifayen ado ba, a tsakanin masu tufafi da masu tuyar ta'amiyya. A wannan unguwa mai cunkoso, inda Misirawa da baƙi daga Sudan da Yaman da wasu ƙasashen Afirka suke zaune a benaye, babu fili babu garke, akwatin gilashi mai ruwa da 'yan kifaye shi ne kiwon da mutum yake iya yi cikin falonsa. Kifin da aka fi farawa da shi kuwa shi ne gufi, saboda arha da kyan wutsiya, da kuma shaidar da masu kanti suke ba shi cewa ba ya da wuyar riƙo. Amma sau da yawa magidanci yakan sayo shida a leda ranar Juma'a, ko daga kantin layinsu ko daga kasuwar Sayyida A'isha, kafin wata Juma'ar ta zagayo sai ya tarar saura biyu, ya rasa abin da zai gaya wa yara.

Asalin wannan kifi daga ƙoramun arewa maso gabashin Amurka ta Kudu yake, watau Banizuwela da Guyana da tsibirin Tirinida. Wani masani Bajamushe, Wilhelm Peters, ya fara siffanta shi a littattafan ilmi a 1859, sa'an nan a 1866 aka raɗa masa sunan Robert Lechmere Guppy, mutumin da ya aika da samfurinsa daga Tirinida zuwa gidan tarihin Birtaniya a Landan. Namiji ba ya wuce santimita uku da rabi, mace takan kai shida, kuma ba ta nasa ƙwai kamar galibin kifaye, haihuwa take yi, kusan kowane wata. Domin yana cin tsutsar sauro aka baza shi ƙasashe da dama, har ya zama ɗan gida a lambatun Ikko. To, abin tambaya shi ne: yaya kifin da yake rayuwa cikin kwata zai mutu cikin ruwa garau? Jawabin yana da fuska biyu. Na kanti ba irin na kwata ba ne, an yi ta barbarar dangi da dangi don neman launi da faɗin wutsiya har ƙarfin jikinsa ya ragu, an yi renonsa cikin cunkoso, ya sha tafiya cikin leda, ya iso a galabaice. Sa'an nan ruwan da ido ya gani garau ba lalle ne ya zama lafiyayye ga kifi ba.

A ganina, wanda yake son gane illar da ta sami kifayensa, kada ya fara da tambayar wace cuta ce. Ya fara da tambayar yaushe suka mutu, domin lokacin mutuwa shi ne dalili mafi ƙarfi da yake hannunsa.

Idan sun mutu cikin sa'o'i kaɗan da zuba su, ko kafin gari ya waye, to, da wuya a ce cuta ce, ruwa ne ya buge su. Ruwan famfon Giza daga Kogin Nilu yake, kuma ana sa masa kulorin don kare lafiyar bil Adama, alhali kulorin ɗin nan yana ƙona sassan numfashin kifi da ke gefen kansa, sai ka gan shi ya taso sama yana haki. Maganin wannan ɗigon kashe kulorin ne da ake sayarwa a kowane kantin kifi, ko a ajiye ruwa a buɗe kwana ɗaya ko biyu ya sha iska. Haka kuma bambancin zafi tsakanin ruwan leda da na akwati yakan kayar da kifi nan take, shi ya sa ake ɗora ledar a ɗaure bisa ruwan akwati kamar minti 20, sa'an nan a riƙa zuba mata ruwan akwatin kaɗan kaɗan, daga bisani a kwashe kifin da koma, a zubar da ruwan kanti. Wasu gonakin ma cikin ruwa mai ɗan gishiri suke renon gufi, wanda aka tsoma shi farat ɗaya cikin ruwan daɗi sai ya tsaya wuri guda yana kaɗa jiki ba ya ci gaba.

Idan kuwa sun yi kwanaki lafiya lau, suna ci suna wasa, sa'an nan tsakanin mako na farko da na uku suka fara faɗuwa ɗaya bayan ɗaya ba tare da wani tabo a jiki ba, wannan ita ce mas'alar da ta fi kowace halaka kifi, kuma ita ce mutane suka fi jahilta. Kifi yana fitar da ammoniya ta numfashinsa da kashinsa, ragowar abinci ma in ya ruɓe ammoniya yake zama, ita kuwa guba ce ko da kaɗan ce. A cikin kogi, Allah cikin hikimarsa ya sanya wasu ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani, waɗansu suna juya ammoniya ta koma naitirait, waɗansu suna juya naitirait ta koma naitiret, wadda cutarwarta ba ta kai ta biyun farko ba. Sabon akwati ba shi da waɗannan ƙwayoyi, sai sun yi mako huɗu zuwa shida kafin su kafu cikin soson na'urar tace ruwa da tsakuwar ƙasa, kuma a tsawon wannan mudda kifin yana iyo ne cikin dafin jikinsa. Ammoniya takan sa wurin numfashi ya yi ja, naitirait kuwa jini take shiga ta hana shi ɗaukar iska, har kifi ya shaƙe alhali injin iska yana ta aiki. Wani abin lura ga mazauna Alƙahira da Giza: ruwansu ma'aunin pH nasa ya ɗan haura 7, abin da gufi yake so ke nan, sai dai a irin wannan ruwa, musamman in ya yi ɗumi, dafin ammoniya ya fi tsanani.

Babu mai iya tabbatar da wannan da ido ko da hanci, sai da ɗigon gwaji na ammoniya da na naitirait, kuma abin da ake nema shi ne dukansu biyu su nuna sifiri. In sun nuna wani abu, a canja rabin ruwa da wanda aka kashe wa kulorin kuma zafinsa ya yi daidai, a maimaita kullum har su sauka, a rage abinci ƙwarai, a sa gishiri kamar giram ɗaya a kowace lita, domin gishiri yana tare wa naitirait hanyar shiga jini. Kuskuren da ya yawaita a nan, wanda kuma kyakkyawar niyya ce take jawo shi, shi ne uwargida ta ga kifi ya mutu, ta juye akwatin duka, ta wanke tsakuwa da soso a bakin famfo, wani lokaci har da sabulu, ta haka ta kashe 'yan ƙwayoyin da suka fara kafuwa, aiki ya koma farko. Soson tacewa cikin tsohon ruwan akwati ake matse shi.

Yanayin gari ma yana da nasa rabo. Gufi yana son zafi tsakanin digiri 22 da 28. A watan Ɗuba na lissafin Kibɗawa, wanda yake kamawa daga 9 ga Janairu, wanda kuma Misirawa suke buga misali da sanyinsa, dare yakan sauka ƙasa da digiri 10, gidajen Faisal kuwa galibi ba su da abin ɗumama ɗaki, saboda haka akwatin da ba shi da hita da ma'aunin zafi yana raunana kifi ya buɗe wa cuta ƙofa. Da zafin Yuli da Agusta kuma ruwa yakan haura digiri 30, iskar da ke cikinsa ta ragu, in aka ɗauke wuta, kamar yadda aka riƙa yi bi da bi a 2023 da 2024, cunkusasshen akwati ne yake fara hasara.

Sai bayan an wanke ruwa daga zargi ake duba jikin kifi. Wanda ya bayyana da fari-fari kamar auduga a baki, ko wani kodaɗɗen tabo da ya ratsa gadon baya, wutsiya tana zagwanyewa, kuma mutuwa tana zuwa cikin kwana ɗaya ko biyu, mafi rinjayen zato cutar kolumnaris ce, wadda bakteriya take haddasawa, ko da yake mutane da yawa suna ɗaukarta fumfuna. Wanda kuwa ya fito da ɗige-ɗigen fari ƙanana a jiki da fukafukai, yana goga jikinsa da tsakuwa, wannan cutar farin ɗigo ce, ƙwayarta tana ɓoye ƙarƙashin fata inda magani ba ya isa gare ta, sai ta faɗo ƙasa ta rarrabu ɗaruruwa ta fito neman wani kifi sa'an nan ake iya kashe ta, don haka ake ci gaba da magani kwanaki bayan ɗigon ya ɓace. A nan ne fa'idar rarrabewa take bayyana sarai: ƙara zafin ruwa yana gaggauta zagayen farin ɗigo ya taimaki magani, amma shi wannan ƙarin zafin yana rura kolumnaris, wadda ita saukar da zafi zuwa wajen digiri 24 take bukata. Mai kifi da ya karɓi fatawar "ƙara zafi" ba tare da ya tantance alama ba, yana iya ƙarasa kifayensa da hannunsa.

Akwai kuma masu kisan sannu. Kifin da ya tsuke wutsiya ya manne fukafukai yana soshe-soshe ba tare da ɗigo ba, sau da yawa ƙananan tsutsotsin fata ne, maganinsu firazikwantel. Macen da take ci amma tana ramewa, a duba duburarta lokacin da ta tsaya cik, in an ga jajayen zare suna leƙowa, tsutsar ciki ce mai suna kamalanus, maganinta lebamisol, kuma takan yi makonni a ɓoye kafin ta nuna kanta. Wanda cikinsa ya kumbura har ɓawon jikinsa ya miƙe tsaye, galibi al'amarinsa ya riga ya yi nisa, a ware shi. Mai ciwo ko yanka a hannu kada ya tsoma shi cikin akwatin da kifi yake ramewa, domin akwai wata ƙwayar tarin kifi da take kama fatar mutum.

Ba na ƙin magani, abin da nake ƙi shi ne zuba shi bisa jahilci. Shuɗin ruwan nan na metilin da ake miƙa wa duk wanda ya zo da kuka, yana da amfani a muhallinsa, amma in an zuba shi cikin babban akwati yakan kashe ƙwayoyin da suke tace dafi, sai a magance abin da babu, a haifar da abin da zai yi kisa. Haɗa magani uku ko huɗu lokaci guda ya fi wannan muni. Kifin nan kuwa, ƙanƙantarsa da arharsa ba su fitar da shi daga hukuncin amana ba, kuma kowane almajiri ya san hadisin matar da ta tsare kyanwa ba ci ba sha, wanda Buhari da Muslim suka ruwaito. Wanda ya tsare rai cikin gilashi, ruwansa da iskarsa da abincinsa duk sun rataya a wuyansa.

Saboda haka, ya kai mai karatu, in kana da niyyar sayen gufi, sayi akwatin tukuna, wanda bai gaza lita 40 ba, ka bar tulun gilashin nan mara matata, ka kunna na'ura ka riƙa jefa ɗan abinci har gwaji ya nuna ruwa ya nuna, ko ka roƙi wani mai tsohon akwati lafiyayye ya sam maka guntun sosonsa. A kanti ka tsaya ka dubi akwatin da za a kamo maka, in akwai matacce ko mai tsukakkiyar wutsiya a ciki ka haƙura, ka kuma tambayi mai kanti yaushe kifin ya iso da irin ruwan da yake ciki. Ka fara da uku ko huɗu, aƙalla mata biyu ga kowane namiji, abinci abin da za su cinye cikin minti ɗaya ko biyu, canjin rubu'in ruwa kowane mako. In kuwa kana da tsofaffin kifaye a gida, kada baƙo ya shiga cikinsu sai ya yi mako uku ko huɗu a killace cikin wani akwati dabam, da komarsa dabam.